Ina zan kai Hajiya ta ga furanni a bakin Nilu?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na kawo mahaifiyata Alkahira ganin likita, an yi mata aikin gwiwa, yanzu an ce ta riƙa ɗan tattaki. Mai son furanni ce sosai. Wane lambu ne a bakin kogi da ba zai wahalar da ita ba?

Ɗan Azhar: Wa'alaikumus salam Anti, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ku fara da Lambun Andalus da ke Zamalek, daf da gadar Kasrun Nil. Tun 1935 aka gina shi. Ƙarami ne, ga kujeru masu ado da tayil kala-kala, ga maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, kuma kana zaune kana kallon jiragen ruwa masu filafilai suna wucewa. Ku je bayan la'asar.

Ummu Hanan: Wurin yana da kyau, amma akwai matakala, Malam. Anti, ki riƙe ta a wajen sauka, kada ki ce sai ta zaga ko'ina.

Baban Yara: Ni Kanaɗir nake kai iyalina, arewa da Alkahira, inda Nilu ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Dimyaɗ, ɗaya Rashid. Tsohuwar madatsar ruwa ce ta zamanin Muhammad Ali Pasha da ya mulki Masar, lambuna sun kewaye ta, da manyan itatuwa masu inuwa. Ku tafi da tabarma da abincinku. Sai dai ku guji Juma'a, balle ranar bikin Shammun Nasim, lokacin da Misirawa ke fitowa ƙwai da ƙwarƙwata da kifinsu mai gishiri. Ranar ko wurin shimfiɗa ba za ku samu ba.

Ummu Hanan: In ta ƙara warwarewa kuma, wallahi Aswan ne wurin, can kudancin Masar. Tsibiri ne guda a tsakiyar kogi, duk lambu, wanda Kitchener, wani babban hafsan sojan Ingila, ya cika da tsirrai daga Indiya da sassan Afirka. Sai da kwalekwale ake shiga. Da sanyi ake zuwa, zafin bazararsu ba na tsoho ba ne.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Aswan ya yi mana nisa a yanzu. Andalus za mu fara.

Ɗan Azhar: Ki ce wa mai tasi "Hadiƙatul Andalus", ya ajiye ku a bakin ƙofa. Ki riƙo mata mayafi mai kauri, iskar kogi tana da sanyi da magariba.