Ƙungiyarmu ta taimakon marayu ce, wai sai mun biya harajin gida?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min da haske. Mu 'yan wani guruf ne na WhatsApp, yawancinmu mata, muna haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata mu saya wa marayu kayan makaranta da na sallah, har abin ya yi albarka muka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Toh shekara uku da suka wuce wani bawan Allah, mijin ɗaya daga cikinmu, ya ba mu wani ɗan gida kyauta ya ce waƙafi ne, ɗaki biyu da shago a gaba, ciki muke ajiye kaya da yin zama, shagon kuma mun ba wani tela haya da kuɗin muke biyan wuta da mai gadi. Jiya mai gadin ya kira ni wai an manna takarda a ƙofa daga ƙaramar hukuma, harajin gida na shekara uku, in ba a biya ba za a garƙame wajen. Ni ce ma'aji kuma wallahi ban yi barci ba, kuɗin da ke asusun nan na marayu ne, ta ya zan ɗauka in kai haraji? Mu da aka ce mana ƙungiyar agaji ba ta biyan haraji.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki ba kowa ko sisi, ku nuna musu satifiket ɗin CAC kawai, ƙungiyar jinƙai ba ruwanta da haraji ko'ina a duniya.

Tsohon Akawu:
Malam Ɗan Fagge ka yi haƙuri amma wannan shawarar ita za ta sa a rufe musu gida. Hajiya Allah Ya saka muku da alheri, ki saurara da kyau, abu biyu ne aka cakuɗa muku.

Sassaucin da kike ji ana faɗa a kan kuɗin shiga yake, wato gudummawar da kuke tarawa ba a cire mata harajin riba, muddin aikin na jinƙai ne ko addini ko ilimi kuma kuɗin ba daga kasuwanci ya fito ba. Wannan ɓangaren tarayya ne, na hukumar harajin da muka sani da FIRS, wadda sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka mayar NRS. Ko a can ma ba wai an ce ku kwanta ba ne, sai kun yi lambar haraji ta TIN kuna kai bayanin kuɗinku duk shekara.

Shi kuwa harajin gida ginin yake bi, ba ruwansa da ko kun ci riba ko ba ku ci ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ne da kansa ya sa ƙiyasta gidaje don wannan haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi, majalisar dokokin jiha kuma ita ke tsara yadda za a karɓa da waɗanda za a yafe wa, shi ya sa abin da aka yafe a wata jiha ba lallai a yafe shi a taku ba. Kuma ko dokar jiharku ta yafe wa irinku, ba daga sama yake faɗowa ba, rubutawa ake yi a nema, ma'aikacin da ya zo manna takarda gini kawai ya gani da shago da keken ɗinki yana aiki, ina zai san na marayu ne?

Sannan akwai wani kuma da nake jin tsoron ba ku ma sani ba, kuɗin ƙasa. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, mai C of O, wato takardar shaidar fili, izinin zama aka ba shi, galibi na shekara 99, kuma akwai kuɗin da ake biyan gwamnatin jiha duk shekara. In gidan yana da C of O ku je ofishin filaye, irin su KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ku duba ko bashi ya taru, don shi shiru yake taruwa sai ranar da kuka tashi canja suna a lissafo muku. Dokar ta ba gwamna ikon yafe kuɗin ko rage shi idan ya ga maslahar jama'a ce, toh nan ma ƙofa ce ta rubuta takarda.

Yaya Babba:
Ni abin da ya tsaya min a rai ba harajin ba ne ƙanwata. Sunan wa ke kan takardar gidan? In har yanzu sunan wanda ya bayar ne to a idon hukuma gidansa ne, waƙafin yana baki ne kawai. Mu muna da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wani dattijo ya ba mu fuloti a gaban shaidu, muka yi ta cewa gobe jibi za a yi takarda har Allah Ya karɓi abinsa, da aka zo rabon gado magada suka sa filin a lissafi kuma ban ga laifinsu ba tunda babu rubutu, sai da malamai da mai unguwa suka shiga tsakani muka samu rabi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ku da kuka yi rajistar amintattu a CAC doka ta ba ku damar mallakar fili da sunan ƙungiya, ku samu lauya ya rubuta takardar kyautar tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, a nemi amincewar gwamna kamar yadda doka ta ce a canja suna. Da wannan takardar ma za ku fi ƙarfin neman a yafe muku harajin.

Bahaushen Agege:
Mu nan Legas an haɗe su ne wuri ɗaya tun 2001, kuɗin ƙasa da harajin gida takarda ɗaya ake kawowa daga jiha. Masallaci da coci da maƙabarta an yafe musu, amma sharaɗin wajen ibada shi ne a ce ibada ko karatun addini kawai ake yi a ciki. Don haka shagon telan nan naku shi zai iya ba ku matsala, da an ga haya za a ce ai kuna samu. Kuma dan Allah duk yadda aka ƙare kar ki miƙa kuɗi a hannu a bakin ƙofa, ki je sakatariya da kanki ki tabbatar takardar tasu ce, a ba ki lambar asusun gwamnati ki biya a banki ki riƙe rasit.

Maman Biyu:
Kai jama'a na gode, Allah Ya bar zumunci. Yaya ka taɓo inda yake min ciwo, yanzu na kira matar wanda ya ba mu gidan ta ce takardar tana nan da sunan Alhaji kuma kwanan nan ba ya jin daɗi sosai, ta ce za ta yi masa maganar yau da daddare. Ran Litinin ni da shugabarmu za mu je sakatariya da satifiket ɗinmu da littafin da muke rubuta sunayen yaran, in sun ce ɓangaren shagon kaɗai za mu biya to daga kuɗin haya za a cire, na marayu ba zan taɓa ba. Baba Akawu, takardar neman sassaucin ciyaman ake rubuta wa ko shugaban sashen haraji?