Takobin ado: musayar baitoci bayan Hawan Daushe

Ɗan Ƙofar Mata:
Jiya a Ƙofar Kudu na tsaya kallon hawa,
Hakimi ya ratayo takobi yana jinjinawa,
Hamila ja, kube aikin dukawa, azurfa na walƙawa,
Duk ƙasar Hausa wa ya kai adon Kanawa?

Bakatsine:
Ado kam kun iya, babu mai musawa,
Amma zare shi mu gani, anya yana fitowa?
Tsatsa ta riƙe shi, ko albasa ba ya yankawa,
Mu takobi Gajere na Sarki Korau muke nunawa,
Wanda ya gama da Sanau a fagen kokawa.

Hajiya 'Yar Daura:
Ku matsa gefe ƙannena, babbar yaya ta iso,
Takobin Bayajidda na Daura in kallo kuke so,
Shi ya sare kan maciji, ruwan Kusugu ya taso,
Ba sai ran Juma'a ba kowa ke ɗebo.

Na Gangare:
Kai! Hajiya ta rufe fage. Kanawa a koma rini.

Malam Mai Alli:
Hajiya, amsa-amonki ya taso da "so" ya faɗi a "bo". Kai kuma Bakatsine, an fara da ƙwar huɗu ka kawo ɗango biyar.

Bakatsine:
Allah gafarta Malam, tahamisi na yi.

Malam Mai Alli:
Tahamisin baitin wa? Duka biyar ɗin naka ne.

Badamagare:
Sai yanzu na sami caji.
Bakano bar taƙama da ƙarfen aro,
Daga Solingen ta Jamus aka ɗauro,
Raƙuma suka ɗauko, Sahara suka ƙetaro,
Ku ƙota da kube kawai kuka ƙaro.
Barth, matafiyin nan Bajamushe, da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta ruwan takobi 50,000 ake shigowa da su duk shekara.

Ɗan Ƙofar Mata:
Bawana, ƙarfe a kasuwa kowa na saye,
Buzun Agadas ma a Kurmi ya zo ya saye,
Amma bisa alkyabba ka gan shi a rataye,
Sai wanda ya gaji sarauta wurin iyaye.

Malam Mai Alli:
"Saye" sau biyu a baiti ɗaya? Kalmomi sun ƙare a Kano ne?

Hajiya 'Yar Daura:
Malam, tun ɗazu gyara kake yi. Zaro naka baitin daga kube mu gani.