Usur ɗin kiran agwagwa na maƙalewa da sanyi, ina mafita?

Jama'a assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Minesota ta Amurka, kuma ana buɗe farautar agwagin ruwa a ƙarshen Satumba. Matsalata usur ɗin kira ne. Na sayi mai harshe biyu (harshe shi ne ɗan siririn fallen da ke karkaɗawa a cikin usur ɗin ya ba da sauti), don an ce ya fi sauƙi ga ɗan koyo. A ɗaki yana kuka raɗau, amma da na fita fadama da asuba, yawu ya taru, sanyi ya kama, sai harsunan su manne ya yi gum. Na kwance na wanke, na sauya toshiyar da ke riƙe harshen. Ba canji.

Wani abokin farauta ya ce in datse harshen kaɗan. To na san gajeren harshe yana ƙara wa murya kaifi, kuma in an yanke ba ya komawa, shi ya sa nake ɗari-ɗari.

Shin in koma mai harshe ɗaya? Na katako kuwa, ba ya kumbura in ya sha raɓa? Na kiran dinyar Kanada ma, mai gajeren harshe, numfashina ƙarewa yake kafin muryar ta karye, wato ta juya daga kauri zuwa kaifi irin kukan dinya. Wanda ya san kan abin nan don Allah ya taimaka.