Awon ciki ya wuce kashi 100, ina kuskuren yake?

Majo_Kudu: Salamu alaikum abokan aiki, dan Allah ku taimaka min. Ina riƙe da wani CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, a kudancin Damagaram kusa da iyaka, na haɗa rapor na wata uku sai na ga CPN1, wato awon ciki na farko, ya haura kashi 100 na masu cikin da ake tsammani a yankina, masu zagayen duba aiki suka zo suna min kallon kamar ni na ƙara lambobi. Wallahi na sake ƙirga rajista shafi shafi da tocila har sha biyun dare, daidai take. To ta yaya masu zuwa awo za su fi masu cikin yawa?

Mai_Lissafi: Wa alaikumus salam Majo. Rajistarka lafiya lau, lambar da kake rabawa da ita ce ke da matsala. Adadin masu cikin da distirik, wato ofishin lafiya na gunduma, ke ba ku ba wanda ya bi gida gida ya ƙirga su, daga ƙidayar 2012 aka ciro shi, lokacin Nijar na da mutum miliyan 17 da ɗoriya, ƙaruwa 3.9 cikin ɗari a shekara, sai a yi ta ɗorawa ana rabawa gari gari kamar ko'ina haihuwa ɗaya ce kuma ba mai ƙaura. Shekara goma sha nawa ke nan.

Sajifam: Yaya Majo duba wurin zamansu ma. Mu nan ɓangaren Magariya ranar kasuwa mata har daga Babura ta Najeriya suke zuwa awo, su ba sa cikin lissafinmu amma suna cikin rajista. Ga mai ɓatar da karne, wato katin awo, ta dawo ta ce yau ta fara zuwa, a sake rubuta ta sabuwa. Na kama biyu makon jiya 😅

Dan_Tanut: Mu a arewa akasin haka ne, makiyaya sun tashi da damina a bar ka da adadin da ba ka gani ko a mafarki. Dabarar da nake yi, in ɗauki yaran da suka samu Penta1, wato rigakafin da ake yi wa jarirai a sati shida, in raba da kason masu samun sa da binciken gida gida ya nuna wa jihar Damagaram, misali yara 900 a kashi 90 sun zama 1,000, sai in ƙara jarirai da suka rasu kafin sati shida da waɗanda aka haifa ba rai da ɓari, in rage tagwaye. Amma in ƴan ƙetare na zuwa rigakafi wurinka ita ma za ta kumbura fa.

Majo_Kudu: Na gode ƙwarai. Rigakafin ma suna zuwa. Gobe in sha Allah zan ware na cikin yanki da na waje tukuna, Sajifam ke da fensir kike sa musu alama ko littafi daban kika buɗe?