Haikin ko haiƙan? A taya ni neman sunansa da Hausa

Jama'a, a taimaka. Wata kalma ta tsaya mini a wuya tun daren Laraba.

Muna da ɗan zaure a WhatsApp, mu da muke haɗuwa motsa jini a Filin Murtala na Kaduna duk Asabar da safe. Bana aka ce in Allah ya kai mu hunturu za mu fita gandun dajin Gashaka-Gumti, aka ɗora mini rubuta sanarwa da Hausa saboda iyayen da za a nemi izininsu. Na rubuta "za mu je haikin". Na karanta wa Hajiyarmu don in ji ko ya shiga kunne. Ta sauke carbi ta ce, "Haiƙan za ku je ina?" Na ce a'a Hajiya, haikin, wato a hau tsauni a ƙafa a sauko. Ta ce, "Me kuka ajiye a can?" Na ce babu komai. Ta ce, "To a garinmu gantali ake ce wa wannan."

Abin da Bature yake kira "hiking" tafiya ce a ƙafa a kan turbar daji ko ta tsauni, ba farauta ba, ba itace ba, ba kiwo ba, tafiyar ce kanta abin nema. Wanda ya fi damuna shi ne nau'in da ake fita da safe a komo masauki kafin dare. Wa ke da suna?

Da na jefa wannan tambaya, amsoshi sun shigo, ga waɗanda suka fi yawa.

Mutum biyar suka ce "yawon buɗe ido". Ban karɓa ba. Wanda ya shiga mota mai sanyi ya je Kajuru ya ɗauki hoto ya dawo, shi ma ido ya buɗe, ƙafarsa kuwa ko ƙura ba ta gani ba. "Shan iska" ma haka, wannan na lambun Gamji ne da yamma, kana tafe kana ɓare gyaɗa.

"Hawan dutse" ya fi kusa, amma wani ɗan'uwa daga Malali ya rushe shi da kyau. Ya ce, "Malam, kana faɗin haka iyaye za su hango igiya da ƙugiya da mutum yana reto a jikin dutse, ba wanda zai bar ɗansa." Gaskiya ne, waccan sana'a ce daban.

Wani dattijo daga Zariya ya ce, "Yaro, ku ce kilisa mana." Na so kalmar ƙwarai, don ma'anar ta yi daidai: a fita ba don wata buƙata ba sai don jini ya motsa. Matsalar, Baba, kilisa ta doki ce. In na ce za mu kilisa a Gashaka, tambayar farko ita ce wa zai ba mu aron dawaki.

Saura "tattaki". Da farko na ƙi shi, domin 'yan jarida sun riga sun ɗora masa kaya. Tun 2015, da wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar zaɓen Buhari, da an ce tattaki sai a ga mutum a gefen kwalta riƙe da tuta. Amma wata malamar Hausa daga Tudun Wada ta tsaya a kansa. Ta ce, "Ƙanena, tattaki ya girmi siyasa. Daga taka yake, kuma ko a fatar baki in ka ce wa mutum ya yi tattaki ya zo, wahalar ƙafarsa kake gode wa. Abin da kuka rasa ba sunan tafiyar ba ne, iyakarta ce. Yaya muke raba makarantu? Akwai ta kwana, akwai ta jeka-ka-dawo."

Nan ta kashe bakina. Tattakin kwana, tattakin jeka-ka-dawo. Na biyun ya yi tsawo a sanarwa, sai muka gajarta shi ya koma tattakin yini.

Kuma rabon yana aiki a Gashaka ɗin kanta. Gandun dajin ƙasa ne tun 1991, ya ratsa Taraba da Adamawa, ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Najeriya. A kudancinsa, kan iyakar Kamaru, Chappal Waddi yake, mita 2,419, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan. Wanda ya nufi ƙololuwarsa daga cikin gandun sai ya ɗauki guzurin kwanaki da ɗan jagora, wannan tattakin kwana ne. Mu da za mu shiga ta Serti mu zaga tuddai da bakin kogi mu komo, na yini za mu yi.

Wani ya ce ai duk wasa da kalmomi ne. Ba wasa ba ne, kuma ina da tabo a gwiwa da zai shaide ni.

Shekarun baya muka hau dutsen Kagoro a watan Agusta, ana tsakiyar marka. Da safe mun tsallake wata 'yar ƙorama, ruwan iya idon sawu, ko wando ban naɗe ba. Muna sama hadari ya haɗu ta gabas, cida ta fara. Kafin mu tattara an kece da ruwa. Falalen dutsen da muka taka a bushe da hantsi ya koma kamar an shafa masa karkashi, gansakuka ta jiƙe, takalmina na ƙwallo ya kwashe ni na zauna daɓas, wayata ta tsage gida biyu. Da muka iso ƙoramar nan bayan La'asar, ta kai cinya, ja wur, tana jan karare. Sai da muka zauna jiranta ta sauka, Magariba ta same mu a tsallake. Mun fita da niyyar yini, amma ba wanda ya ƙidaya yinin. Da sunan tafiyar ya ɗauki kalmar, ƙila da wani ya tambaya ƙarfe nawa za a juyo.

Wannan ya kawo mu gardama ta biyu, wadda ban ma nema ba. Wani ƙanenmu da ke karatu a Kolorado ta Amurka ya turo yadda masu gandun tsaunukan Roki suke bayyana halin turba kashi huɗu na shekara, ya ce in fassara kawai. Na duba. A can, dusar ƙanƙara tana kwana a manyan turbobi har cikin Yuni, a Yuli da Agusta kuma tsawa ce take tasowa bayan Azahar, shi ya sa suke cewa a bar ƙololuwa kafin rana ta take. Yininsu ma roba ne, ya kai awa 15 a tsakiyar shekara, ya tsuke zuwa wajen 9 a Disamba. Namu a nan Magariba ba ta barin tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara. Na ce masa ƙanena, ilimin na karɓa, rabon shekarar kuwa a bar musu. In na kira lokacin furanninsu bazara, Bahaushe zai ɗauki gorar ruwa uku ya bar rigar sanyi a gida.

Namu sunayen sun riga sun faɗi halin hanya. Ka ce damina, an san santsi ne da taɓo da rafi mai cika ba sallama, a Gashaka kuwa har mota hanya takan gagara. Kaka ruwa ya ɗauke amma ciyawa ta fi mutum tsawo, raɓa ta jiƙa ka har ƙugu kafin hantsi, turbar ma sai wanda ya san ta. Hunturu shi ne lokacin, daga Disamba zuwa wajen Maris: ƙasa ta bushe, koguna sun ja baya, ana tsallakawa. Sai dai kada a yi wa kowa alkawarin hangen nesa, hazo yakan rufe kwari ruf, ka sha wahalar hawa ka tarar da farin bango. Ga kuma sanyi. A ƙiyasi, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Kaduna tana kusan mita 600 ne, ka lissafa da kanka abin da ke jiran mai shiga da 'yar shara a can sama da asuba. Bazara kuwa, wanda bai fita bayan sallar Asuba ba ya haƙura, dutse yana mayar da zafi kamar tanda.

Kalmar "turba" ba a yi musu a kanta ba, sai wani Bafulatani da ya ce a sa "burtali". Na ce Ardo, burtali na shanu ne, kada a zo ana rigima da mu a kan hanya. Inda turba ta fara, bakin turba. Rahoton da ake bayarwa kafin fita, halin turba.

Wanda ya ce a bar "haikin" yadda yake tunda mun karɓi mota da tebur da kwamfuta, ban ƙi hujjarsa ba. Waɗancan sun zo mana ne da abin da ba mu da shi. Tafiya a ƙafa kan dutse kuwa, mutanen Kufena da Turunku sun yi ta kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro takalmin haikin.

Ga yadda sanarwar ta fita: "Za mu yi tattakin yini a gandun dajin Gashaka-Gumti cikin hunturu, tare da ma'aikatan gandun. Za a bar bakin turba bayan sallar Asuba, a juyo da Azahar ko an kai ko ba a kai ba. Kowa ya zo da ruwa, rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa."

Na sake karanta wa Hajiya. Ta ce a maimaita mata wajen juyowa da Azahar, na maimaita. Ta ce, "Wa zai riƙe agogon?" Na ce ni. Ta kalli gwiwata, ta ce a ba wani.