Wane maganin atishawa ne ya halatta ga matuƙin jirgin sama?

Ɗalibin tuƙi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Duk shekara, da zarar damina ta ja baya ciyawa ta fitar da fure, sai atishawa da ƙaiƙayin ido su addabe ni, har hawaye ya riƙa jiƙa mini tabarau. Na saba shan Piriton, amma yanzu da nake karatun tuƙi a Zariya, ina fargabar ya ja mini matsala. Me ya kamata in yi?

Kyaftin mai ritaya, Argungu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka daina shan Piriton idan kana da tashi, domin yana sa barci, kuma yana rage saurin tunani ko da mutum yana jin kansa garau. Hukumar jiragen Amurka ta amince da magungunan atishawa irin loratadine da fexofenadine, amma cetirizine sai an jira awa 48 kafin a tashi.

Likita, Yawuri:
Kyaftin ya yi gaskiya. Maganin fesawa a hanci irin fluticasone ma yana taimakawa. Abin da ya fi damuna shi ne toshewar hanci, saboda yakan hana kunne daidaita iska lokacin sauka. Ka gwada kowane sabon magani a ƙasa tukuna, sannan ka sanar da likitan da hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi.