Ina neman aikin da zan yi ni kaɗai, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari. Alhamdu lillahi ana samun na tuwo, maigidana kuma bai taɓa cutar da ni ba. Sai dai hayaniya da ciniki suna gajiyar da ni fiye da ɗaukar dila. In na koma gida da magariba kaina sarawa yake, ko hirar kirki ba na iya yi da mahaifiyata. Ba ƙin mutane nake ba, haka Allah Ya yi ni. Ina da difloma, ina taɓa kwamfuta daidai gwargwado, Hausata da Turancina ba laifi. Ina neman aikin da zan yi daga ɗaki, ko a wani wuri bayan gari, ko da gadin gona ne. Wa ya san hanya?

Wani ɗan uwa daga Tarauni:
Wa alaikumus salam. Malam, da irin wannan aikin nake ci. Fassara nake yi, da sauraren murya in mayar da ita rubutu. Masu koya wa na'ura harsuna suna neman mai Hausa, a shafukan neman aiki na intanet irin su Upwork da Fiverr ake haɗuwa da wasunsu, kuɗi kuma su shigo ta Payoneer, manhajar karɓar kuɗi daga waje. Amma fa sai ka iya ƙa'idojin rubutu. Wanda ba ya sa ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ, ko yake haɗe kalmomin da ya kamata a raba, aiki ɗaya za a ba shi a sallame shi. Sannan maganar wuta. Mai aiki ya ce ƙarfe goma yake son abinsa, ba ruwansa da an ɗauke wuta a unguwarku. Ka fara tara kuɗin faifan sola da batir, ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Aikin kuma kamar ruwan farkon damina yake, yau a sheƙa, gobe shiru. Kada ka saki shagon nan tukuna. Ka gwada bayan isha'i, har sai ka ga abin da yake shigowa ya kai ya riƙe gida.

Wata 'yar uwa daga Gwale:
Ƙanina, duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ɗan damfara ne. An cinye wa ƙawata jarinta a wani zauren WhatsApp, wai danna bidiyo za ta riƙa yi ana biyanta. In horo kake so, ka bincika shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, ba a biyan ko sisi.

Wani dattijo daga Kura:
Yaro, na ji ka ambaci gona. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa yake ratsa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, rani da damina ana shinkafa, da sanyi kuma tumatir da alkama. Masu gonaki da yawa a birni suke zaune. Abin da suka rasa shi ne mai amana da zai rubuta buhun taki nawa ya shigo, man injin ban-ruwa nawa aka ƙona, abincin kaji nawa ya rage. Mai ilimi irinka ya fi ƙarfin gadi. Sai dai ba a tallan wannan aiki, ta hannun wanda ya san ka ake samunsa, don haka maigidan naka shi ne ƙofarka. Ka faɗa masa gaskiya. Ka kuma sani akwai sauro, dare yana da tsawo, wani wurin sai ka hau tudu waya take shiga. Ka zaɓi inda kake jin kiran salla, kada ka yarda da wurin da ba ka tambayi mutanen gari lafiyarsa ba. Kafin komai, ka nemi yardar mahaifiyarka.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ciwon kan nan na kullum, ka je a auna jininka a duba idonka, ɗan uwa. Kada ka ɗora shi duka a kan kasuwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Asibiti zan fara zuwa in sha Allahu, kuma zan samu maigidana bayan Juma'a. Baba, wanda yake riƙe lissafin gona, albashin wata ake yanka masa ko sai an girbe?